Numfashin Mai Sarewa

Wayar lasifika na shiga saya a shagon kayan kiɗa, amma wani mutum ya ɗauke min hankali. Dogo ne siriri, rigarsa ta sha guga, ƙafar tabaraunsa ɗaya ɗaure da zare. Yatsunsa ba sa hutawa, ko a kan kanta lalube suke. Da alama makaɗin fiyano ne, irin waɗanda ke riƙe da ƙungiyar mawaƙa amma ba a tafa musu.

Na'urori biyu ne gabansa: fiyano mai kwaikwayon sautin sauran kayan kiɗa da kanta, da ɗan akwati mai naɗar sauti ya maimaita in an danna.

"Yallaɓai, wannan za ka ɗauka," in ji mai shago, yana danna fiyanon. Busar sarewa ta fito tas.

Mutumin ya taɓe baki. Ya miƙa wayarsa aka zuba wani sauti a akwatin, ya danna. Sai ga wani yana jan numfashi, sannan sarewa ta biyo baya tana ɗan rawa.

"Wannan hucin sai in goge maka shi," in ji mai shago.

"Rufa min asiri! Mai sarewarmu ne, yana kwance a asibiti, ga wasa gobe. Da numfashin nan mawaƙiyarmu take sanin lokacin shigarta. In ka goge, sai mu tsaya kallon juna gaban jama'a."

Ya sake dannawa, ya lumshe ido. Numfashin na fitowa, shi ma ya ja nasa.