Gayyar da Ta Ci Wa Yaya Lawal Damina

Bana shekara goma sha biyu ke nan da rasuwar yayana Lawal. Mu da ba mu yi boko da ƙuruciya ba, da abin da ya faru muke riƙe shekara. In an tambaye ni nakan ce ya rasu damina uku bayan wadda aka ƙaddamar da shari'a a jiharmu. Ita waccan daminar ta shari'a kuwa, a cikinta na ga abin da har yau ban manta da shi ba.

Yaya Lawal ma'aikaci ne a wata cibiyar binciken noma. Ya daɗe yana haɗa wani irin gero da yake fatan ƙuduji ba zai iya da shi ba. Duk manomin ƙasar Daura ya san ƙuduji, ciyawar nan mai kyawun fure da ke kama saiwar gero a ƙarƙashin ƙasa ta tsotse shi. Gonar gidanmu da ke bayan Zango ta cika da shi, shi ya sa Yaya ya zaɓe ta don gwaji. Ya raba ta biyu, gefe guda sabon iri, gefe guda namu na gado. Shuka rana ɗaya, taki daidai, noma daidai. Ya kafa allo a gefen sabon irin, ya gargaɗe ni kada kowa ya taɓa ƙudujin, domin shi zai zo ya ƙirga. A kan wannan gwaji babban digirinsa ya rataya, kuma manyansa za su zo su gani da idonsu.

Da gero ya fid da kai, tafiya ta kama ni zuwa Kano. Baffa Sale, ƙanin mahaifinmu, wanda bai san da gargaɗin ba, ya ji labarin baƙi na tafe. A wurinsa babu abin kunya kamar baƙo ya tarar da gonar ɗan gida da ciyawa. Sai ya kira gayya. Aka dama fura, samari suka fito, suka tsince gefen da ke da allo tsaf. Ɗaya gefen ba su taɓa ba, don a ganinsu ba shi baƙi za su duba ba.

Rana ɗaya muka iso ni da Yaya. Na ga fuskarsa lokacin da ya tsaya tsakanin gefen biyu: nan fure ja-wur, can ko ɗaya babu. Ya ɗauka irinsa ne ya yi nasara. Ya ɗaga hannu zai yi wa Allah godiya, sai ga Baffa yana tafe yana murmushi.

"Lawal, ka ga aikin gayya? Yanzu ko gwamna ne ya zo ba mu jin kunya."

Yaya ya sauke hannunsa. Can ya durƙusa ya ce, "Allah ya saka da alheri, Baffa. An sha wahala."

A hanyar gida na ce masa ai ba wanda zai sani. Samarin ba su san abin da ake ƙirgawa ba, Baffa kuma in an roƙe shi ba zai faɗa ba. Ya dube ni ya ce, "Abin da Baffa ya yi kuskure ne, ba laifi ba. Amma in na yi shiru, daga nan ya zama ha'inci, kuma nawa ne."

Lokacin ko ina maganar shari'a ake, a masallaci da kasuwa, ana ta wa'azi kan tauye mudu da shaidar zur. Yaya ya ce mai bincike ma shaida ne, sai dai shi babu alƙali a gabansa, gero kuma ba ya buɗe baki ya ƙaryata shi. Ya bayyana mini cewa a aikinsu kowa na iya kuskure, a gyara, a wuce. Wanda ba a yafewa shi ne ka ce ka ga abin da ba ka gani ba, ko ka ɓoye abin da ka gani don ya ɓata maka lissafi, ko ka ɗauki gumin wani ka sa sunanka. Ni dai a ranar ban fahimci yadda mutum zai ture abin da ya zo masa har hannu ba.

Da manyansa suka zo, tun ba su gama yabon gonar ba ya kai su bayan shinge ya nuna musu tarin ƙudujin da aka cire, ya riga ya bushe. Aka soke gwajin shekarar. Baffa ya ji nauyin abin har ya daina zuwa gona, sai da Yaya ya je da kansa ya lallashe shi, ya damƙa masa gadin gonar a damina ta gaba. Baffa kuwa ya tsare ta kamar ransa. A daminar nan ƙuduji ya fito a gefen sabon irin, kusan daidai da na gado. Aikin shekaru ya tashi a banza, Yaya kuma ya rubuta hakan yadda yake, ya koma farko. Yana tsakiyar sabon gwaji ciwon ajali ya same shi.

Bayan rasuwarsa na shiga ajin yaƙi da jahilci, ina zaune da furfura tsakanin 'ya'yan abokaina, sannu a hankali har hannuna ya faɗa. Yanzu in na shiga kasuwar Daura ina karanta abin da ke jikin buhunan iri da kwalaben magani. Kowanne an rubuta an gwada shi. Masu talla da lasifika suna rantsuwa, a waya ma kullum akwai mai cewa bincike ya tabbatar. Nakan tambayi kaina abin da Yaya zai ce. Ina jin ba zai zagi kowa ba. Zai tambaya ne kawai: a gonar wa aka gwada, da me aka kwatanta, kuma wa ya shiga gonar bayan idon mai gwajin? Ba na shakkar akwai irinsa a cikin masu bincike na yau. Matsalar dai mai saye ba ya iya bambance buhun mai gaskiya da na maƙaryaci, sai damina ta wuce, rumbu ya faɗi gaskiya. An ce ƙarya fure take, ba ta 'ya'ya, amma manomin da ya shuka ta shi ke kwana da yunwa, ba wanda ya sayar ba.

Abin da ke ba ni mamaki shi ne babu wanda ya tilasta wa Yaya. Babu ɗan hisba a gonar, babu mai ƙara, babu bulala. Shi kaɗai ne da Ubangijinsa da mutanen da bai taɓa gani ba, waɗanda da sun zuba irin nan a gonakinsu bisa amanar kalmarsa. Ba su san sunansa ba, ba su san ya tsare musu rumbu ba. Baffa, kafin shi ma ya cika, in an ambaci Yaya yakan ce, "Mu mun share masa gona, shi ya share mana ido."

Abin da ya rasa kuwa ga shi: irin da ya yi shekaru yana haɗawa, digirin da bai karɓa ba, da damina uku na ƙarshen rayuwarsa. Babu buhu ko ɗaya a kasuwa mai ɗauke da sunansa. Babu kuma manomi ko ɗaya da ya yi asarar gero ta dalilinsa. Allah ya jiƙan Yaya Lawal, ya sa ya tarar da gaskiyarsa a gaba.