Sobiyar Yaya Zubaidatu

Ina shanya a baranda 'yata Ghada ta bugo waya ta ce, "Yumma, kin ji? Hala Zubaidatu ta bar aiki a mat'am, gidan abincin nan. Gwiwa ta ƙi." Yumma da Hala, mama da inna ke nan a Larabcin yaranmu. Na ajiye bokitin na zauna. Ban yi karatu mai nisa ba, amma na ce wannan baiwar Allah ba za ta koma gida a yi shiru ba. Abin da idona ya gani zan faɗa.

Duk wanda ya san unguwar Mansur, a nan birni mai tsarki, ya san ɗan gidan abincin nan na ƙarshen layi, inda aka yanka wa iyali ɗakuna da labule. An san mai wurin, an san mai gasa tsire a ƙofa. Wadda ke can baya cikin zafin murhu kuwa, wato Yaya Zubaidatu, kaɗan ne suka taɓa ganin fuskarta. Da an idar da Asuba take shigowa. Kafin komai sai ta leƙa sha'irin da ta jiƙa, ta shinshina, ta ɗanɗana. Sobiyarta, abin shan nan na sha'ir, ba irin ta garin leda ba ce. Jiƙawa take yi, ta tace da hannunta, ta sa kirfa da hel, 'yar ƙwayar ƙamshin nan da Larabawa ke sa wa gahawa. Ranar da sobiyar ba ta nuna ba, ko mai wurin zai wuni yana mita ba za a sayar ba. Daga nan ta hau masa da tuwo da miyar kuka. Ɗaliban da suka zo karatu daga Najeriya sun sani, tana tambayar garin mutum kafin ta zuba masa yaji.

Mu duk Juma'a muke zuwa da yara. Maigidana Yunus direban bas ne, alhazai yake ɗauka tsakanin Aziziyya da Harami. Shi sobiyar ƙasan tulu yake so, mai kauri. Ni tawa babu sukari, saboda ciwona. Yana kurɓa zai ɗaga labule ya ce, "Yaya, yau ma kin yi rowar hel!" Ita kuma daga ciki ta ce, "Sha ka yi shiru, direba. Hayaƙin bas ne ya toshe maka hanci."

Bara Allah ya karɓi abinsa.

Kwanakin ta'aziyya gida ya cika, shinkafa da waken hummus tire-tire. Da aka watse sai ni da bango. Abinci ya ƙi wucewa. Ina shan maganin sukari ciki ba komai, har wata rana na yanke jiki na faɗi. Likita ya gaya wa ɗana Rakan cewa in aka ci gaba a haka za su rasa ni. Yaron ya durƙusa yana roƙona da Larabcinsa, ina ce masa na ƙoshi. Duk tsawon takabata Yaya Zubaidatu tana aiko da kunu a fulas. Yawanci yadda ya zo haka yake komawa. Ba ta taɓa yin fushi ba. Gobe ma a sake kawowa.

Da na fita takaba yara suka matsa sai mun je gidan abincin. Don su kawai na bi. Muka zauna a ɗakinmu na kullum, na ƙura wa tabarma ido. Sai ga Yaya Zubaidatu da kanta ta ɗaga labule, ita da ba ta barin murhu. Ta sauke tire, ta ba yara nasu. Aka bar kofi biyu a gabana, ɗaya nawa, ɗaya mai kauri na ƙasan tulu.

Ghada ta miƙa hannu za ta ɗauke.

"Bar shi, 'yar nan," in ji ta. Ta kalli kofin, ta kalle ni. "Ummu Rakan, ki yafe mini. Ni na ji labari. Hannun nan ne bai ji ba."

Ta dafa bango ta zauna a ƙasa da wannan gwiwar tata. Ta ce, "An riga an zuba, ba a mayarwa tulu. Ni zan sha nasa. Amma ba na sha ni kaɗai, ɗauki naki." Ta kurɓa, ta yamutsa fuska. "Allah ya jiƙan direba. Ashe da gaskiyarsa, hel ɗin ya yi kaɗan."

Dariya ta ƙwace mini, kuka ya biyo ta. Na sha. Na ci masar da ta kawo. Rakan ya juya baya yana goge ido.

Yaya, ke ce ba ki yi mini wa'azi ba, ba ki ce in yi haƙuri ba, zama kawai kika yi kika sha tare da ni. Ke ce kika ambaci sunansa da dariya lokacin da kowa ke tsoron ambatarsa a gabana. Gwanar murhu, uwar baƙi, 'ya'yana suna da uwa yau saboda Allah ya bi ta hannunki. Na gode. Allah ya ba gwiwar nan lafiya, ya shayar da ke daga Alkausara.

Ku kuma jama'a, in an watse daga gidan makoki, wani ya daure ya koma. Ba sai da magana ba. Ku zauna ku ci tare da mai gidan.

Yaya Zubaidatu ta koya mini jiƙa sha'ir. Yanzu kullum da safe nakan leƙa, in shinshina, in tace. Ina zuba kofi biyu. Nawa in sha, na ƙasan tulun in rufe shi in taka da kaina in kai mata gida. Takan kurɓa ta ce hel ya yi yawa. Ban rage ba.