Zakaru Biyar a Gidan Baba Direba

Shekara talatin da ɗaya Baba Direba ya yi yana jan motar ma'aikatan wani kamfanin sabulu, har gwiwarsa ta hagu ta ƙi taka kuloci, aka sallame shi. Kiwo bai taɓa zuwa masa a rai ba. 'Yarsa ce ta ga zaman banza ya fara cinsa, ta kawo masa kaji shida da wani jan zakara, ta sake su a bayan gida, tsakanin tankin ruwa da igiyar shanya. Ya sa wa zakaran suna Manaja, don a cewarsa ba ya tsinana komai sai zagaye da ɗaga murya.

Shekara guda ana zaune lafiya. Sai wata kaza ta yi kwanci ta ƙyanƙyashe bakwai, huɗu suka tashi zakaru. Baba ya yi ta murna, bai san ya sayo rigima ba. Da suka kai wata shida, bayan gidan ya koma filin dambe. Kajin suka rasa sakat, gashin bayansu ya tsige, ƙwai ya ɗauke. Maƙwabciyarsa, ma'aikaciyar jinya mai barcin safe, ta leƙo ta katanga ta gaishe shi cikin ladabi, ta tambaya ko zakarun karɓa-karɓa suke yi wajen cara.

'Yarsa ta ce kaji tara ai zakara ɗaya ya ishe su, a yanka huɗu. Baba ya wasa wuƙa, ya kama wani baƙi daga cikinsu, ya ji zuciyar zakaran na bugawa a tafin hannunsa. Shi ne ɗan tsakon da ya taɓa tsamowa daga bokiti ya shanya a rana. Ya sake shi.

"Baba, tausayin nan naka kajin ne ke biyansa," in ji ta.

Ya ce ya sani.

Ya ba wani mai gyaran famfo zakaru biyu, yana zaton wuta za ta lafa. Sai abin ya ƙara muni, don da sun rarrabu suna faɗa da juna, yanzu sauran biyun sun haɗe wa ubansu kai. Wata rana da hantsi ya fito da dusa ya tarar da baƙin nan a kan tankin ruwa, wurin tsayuwar Manaja, yana cara. Manaja kuwa yana ƙarƙashin tankin, zankonsa ya tsage, ido ɗaya a rufe.

Ya wanke masa ciwon da ruwan gishiri, ya keɓe shi a tsohon kwandon wanki sati biyu. Ranar da ya mayar da shi, ko kajin ba su kula shi ba. Wata ma ta sare shi a bakin kasko. Baba ya kori baƙin da tsintsiya, ya juya baya, aka koma gidan jiya.

Yanzu kasko biyu yake ajiyewa, ɗaya a bayan ƙofar kicin. Ya kan ja kujera ya zauna gadi, tsintsiya a cinya, har tsohon zakaran ya gama ci. Manaja ya daina cara tun watan jiya. In 'yarsa ta bugo waya ta tambayi abin da ya yanke, sai Baba ya ce yana nan yana dubawa.