Rumbun Sa'adatu

Kakar bana shekara tara ke nan da rasuwar wana Ummaru. Kafin in ce komai a kansa bari in fara fallasa kaina, don in ban yi ba 'yan majalisarmu ta bakin tasha za su yi mini. Ranar da 'yarsa Sa'adatu ta zo da wayarta ta ce an ba ta gurbi a jami'a, ni Iro, da furfurata da komai, na gyara zama na tambaye ta nawa za su riƙa ba ta a wata. Kuma da gaske nake yi. A zamaninmu yaron da ya shiga kwaleji gwamnati ke ɗinka masa kaya, ta ba shi sabulu, ta ciyar da shi, har ya dawo hutu da 'yan canji a aljihu yana yi mana yanga. Ni da na tsaya a aji uku, saboda jinina da na malamin lissafi bai haɗu ba, na ɗauka duniya tana nan inda na bar ta. Yarinyar ta yi dariya har da riƙe ciki. Da ta ga ni ban yi ba sai ta tsaya, ta ce, "Baba Iro, ai mu za mu biya."

Ummaru ba zai taɓa yin wannan tambayar ba. Shi ma bai yi boko ba, ko ajin ukun da nake taƙama da shi bai kai ba, amma mutum ne mai kasa kunne. Uwa ɗaya uba ɗaya muke, gandu ɗaya muka noma a ƙauyenmu da ke bayan Tsafe, sai dai Allah ya raba mana hali: ya ba shi tanadi, ya ba ni baki. In na ce a ci yau gobe ta Allah ce, sai ya ce ba a fafe gora ranar tafiya.

Sa'adatu ce autarsa. Mazan duk sun bi kasuwa, babu wanda karatu ya zauna masa. Shekarar da aka sa ta firamare, Ummaru ya kwaɓa ƙasa ya gina sabon rumbu a bayan ɗakin matarsa Hajo, daban da rumbunan gida. Tun lakar ba ta bushe ba ya ɗaga yarinyar, ya danna tafin hannunta a jikin ginin, yatsu biyar suka fito sarai. Ya ce wannan rumbun tsimi ne, na karatun Sa'adatu, ba za a sayar da abin da ke ciki ba sai ranar da babbar makaranta ta kira ta.

Ga yadda yake yi. Kowace kaka sai ya cire jinka, ya fasa murfi, a fito da tsohon gero a mayar na ci, a jera sababbin dammuna har baki, ya sake liƙewa da laka. Daga nan rumbun ya zama kamar babu shi. Akwai daminar da abinci ya yanke mana tun gero bai yi kai ba. Hajo ta roƙe shi a ɗebi ko dami ɗaya, ya ƙi. Da girmansa ya ɗauki fartanya ya tafi ƙwadago gonakin mutane, ya riƙa dawowa da awo a bakin riga. Ni kuwa abin da na iya na yi. Na ce masa, Yaya, gero dai ba ya jin Turanci, ka kai kuɗi banki kamar kowa mana. Ya ce kuɗi narkewa suke yi ko ba a taɓa su ba, hatsi kuwa in kaya sun yi tsada tare da su yake hawa. Ya ƙara da cewa, kuma kafin hannuna ya kai gare shi sai na nemo tsani, shi kuma ya san ƙiwuyata.

Wata shekara bayan an gama girbi Ummaru ya kwanta, bai yi doguwar jinya ba. Na zauna kusa da shi ina jiran wasiyya irin wadda ake ba da labari, a ce ga amanar iyali, ga zumunci. Abin da ya ce kawai shi ne, "Iro, kada ka bari jinkar nan ta zuba." Na ce to. Mutane sun yi mamaki da na riƙe, ni ma na yi. Kaka bayan kaka na hau tsanin nan ina gunaguni, na sauya gero, na liƙe murfi.

Wani lokaci nakan ce Allah ya yi masa gata da ya ɗauke shi kafin ya ga abin da ya biyo baya. Ba sai na yi wa mutumin Zamfara bayanin mutanen daji ba. An fara da shanu, aka koma kan mutane, aka zo aka hana noma sai wanda ya biya. Ranar da muka tashi daga ƙauyen abin da mota ɗaya ta ɗauka shi ne namu: tabarmi, tukwane, mata da yara. Hatsi ba ya ɗaukuwa, don motar hatsi ita ce ke kiran mutanen daji. Audu Maƙeri, maƙwabcinmu kuma sa'ana, wanda muka yi kaciya tare, ya ce shi ba inda za shi, wa zai ba shi wurin hura wuta a birni? Na nuna masa rumbun na ce ya sa ido. Ya ce in tafi kawai, ɓarawon da ya fi tsoro a kan rumbun nan shi ne ke shiga mota.

Muka sauka Tudun Wada a Gusau, ɗakunan haya biyu. Ina sayar da rake a bakin tasha, Hajo tana ƙuli-ƙuli. Sa'adatu ta ƙarasa sakandare a Bungudu wurin ƙanwar uwarta. Nakan tambayi kaina abin da Ummaru zai ce da ya ga ƙaninsa, ɗan gandu, yana layin awo da leda a hannu. Ko kuma da ya ga yadda yara ke rubuta jarrabawar shiga jami'a a gaban na'ura, sakamako ya faɗo cikin waya, a ce kuɗin ma ta waya za a tura, kuma akwai ranar rufewa da ba ta san ciniki ba. Ina jin zai saurara ne har a gama, sannan ya tambayi nawa ake sayar da buhu.

To, ranar da na yi waccan tambayar ta wauta, da Sa'adatu ta ce mu za mu biya, sai na tuna ashe mu masu arziki ne. Na buga ƙirji na ce ai ubanki ya riga ya biya. Karatun haɗa magani aka ba ta. Na ce ta sa a ranta ta gama.

Na jira ranar kasuwa na shiga motar Tsafe, daga can na hau bayan mashin ɗin wani mai ƙarar kwana irina. Na bar wayata gida, na sa rigar da ta fi kowace tsufa, don ko an tare mu a gani da ido cewa wanda ya kama ni sai ya haɗa da kuɗin mota ya maido ni. Niyyata in ga rumbun, sannan mu san dabarar fito da geron kaɗan-kaɗan a kan jakuna.

Ƙauyen yana nan, amma ciyawa ta fi mutane yawa. Gidanmu babu ƙyaure. Na zaga bayan ɗakin Hajo, sai ga rumbu tsaye da sabuwar jinka, shuci mai kyau, ɗauri irin na masu hannu. Na yi hamdala a fili. Na jingina tsani na hau, na ɗaga jinkar. Babu murfi. Na leƙa. Babu komai, ko zangarniya ɗaya. An ma share cikin tas.

Mutane suna tambayata me na ji. Ban ji komai ba. Abin da na tuna shi ne wani ƙadangare a ƙasan rumbun yana yi mini gyaɗa kai, da kuma cewa ƙafar tsanin ɗaya ta fi ɗaya gajarta. Ina nan a sama na ji tarin Audu a bayana. Ya rame har na fasa tsokanarsa.

"Sauko, Iro," in ji shi. "Ba ɓarayi ba ne. Mu munka ci."

Muka zauna a inuwar rumbun ya ba ni labari, ba ya kallona. Daminar da ta biyo bayan tashinmu an hana su gona, an tare hanyar kasuwa. Suka cinye nasu, suka cinye iri, suka koma tafasa da rama ba gari. Yara suka fara kumburin ƙafa. Aka binne biyu, ɗaya jikarsa ce. Sai dattawan da suka rage suka taru wurin liman, aka yi ta juya magana, kowa ya san inda hatsi yake, babu mai son ya fara faɗa. Shi ya tashi ya ɗauko tsani. Ya ce bai bari kowa ya hau ba, don in za a tambaya gobe kiyama a tambaye shi shi kaɗai. Gidan da ke da yara aka fara auna wa. Geron ya kai su har aka samu sassauci.

Na tambaye shi, to jinkar fa, me ya sa yake wahalar da kansa a kan rumbun da ba komai? Ya ce abin da ke ciki ya fi ƙarfinsa, na waje kuwa yana iya riƙewa.

Na dawo Gusau kafin la'asar. Hajo tana gaban kasko na gaya mata. Ta yi salati, ta ci gaba da juya ƙuli-ƙulinta, don mai ba ya jira. Sa'adatu ta saurara har na gama. Ina jiran kuka, na ma tanadi abin da zan ce. Sai ta ce, "Baba Iro, hannuna yana nan?" Na ce yana nan, yatsu biyar. Ta ce to, ta tashi ta ɗauki bokiti.

Mun yi yawo. Na je wurin yayyenta, na je Bungudu, na je wurin mutanen da na san sun ci arzikin Ummaru. Babu wanda ya kore ni, sai dai kowa ɗan gudun hijira ne a gidan wani, kuma wanda ke kwana a zauren aro ba ya sauke baƙo. Abin da aka tara bai kai ko'ina ba. Rana ba ta ƙarya, sai dai uwar ɗiya ta ji kunya. Ranar rufewa ta zo ta wuce kamar kowace rana. Na sayar da rakena, na yi wa 'yan majalisa ba'a, sun rama. Gurbin ya tafi.

Ta kama koyar da ƙananan yara a wata 'yar makaranta a unguwarmu, tana ajiye abin da ake ba ta. Ta sake zama jarrabawar. Wannan karon ba ta nemi haɗa magani ba, ta nemi kwalejin horon malamai a nan cikin gari, inda za ta je da ƙafa ta dawo ta kwana gida. Da na ce mata me ya sa, ta ce ta auna ne da abin da ke cikin kaskon Inna. Aka ba ta gurbin. Muna cikin haɗa kuɗin rajista sai ga Audu, wanda daga baya shi ma ya taso ya koma Bungudu, ɗaure da buhun gero a bayan mashin, buhun bai cika ba. Ya ce waɗanda suka ci ne suka tara, mudu-mudu, wasu rabi. Bai yarda ya shiga gida ba. Aka sayar aka haɗa da nata da na Hajo, aka biya shekarar farko. Ta biyu tana tafe, kuma ban buga ƙirji ba.

Yanzu in na zauna ina auna abin da ya rage na Ummaru, lissafin ba ya fita, kuma kun san tsakanina da lissafi. Ya yi ƙwadago da furfura, ya hana gidansa dami ɗaya, don 'yarsa ta zama abin da ba ta zama ba. Ta wannan fuskar ya yi asara. Amma kwanaki na je gaishe da Audu a Bungudu, na tarar da yaran ƙauyenmu cike da ƙofar gida suna ƙwallo da ƙullin tsumma, suna ihu har ba a jin sallama. Ya riƙa nuna mini su da haɓa, wannan na gidan wane, wancan na gidan wane. Duk geron nan ne a ƙafafunsu. Ba su san sunan Ummaru ba. Na yi niyyar gaya musu, sai na ga wasansu ya fi.

Allah ya jiƙan Ummaru, ya sa ya huta. Jinkar dai ba ta zuba ba, Yaya, ko da yake ba ni na riƙe ta ba.

Akwai magana ɗaya da Audu ya yi mini ranar nan a inuwar rumbu, da na miƙe zan hau mashin. Ya riƙe bakin tsohuwar rigata ya ce, "Iro, kai ka fi kowa sanin Ummaru. Da shi na tsaye wurin ga ranar da munka binne yaran, da ya ba ni tsanin, ko da ya hana?"

Na ce masa mai mashin yana jirana.