Ranar da Wuta ta Ci Rumbunan Gwaggo

Muna idar da sallar asuba muka bar unguwar Zango a Zinder, ni da wani ɗan'uwana, kowa a bayan kabu-kabu, muka nufi wani ƙauye gaba da Droum inda gwaggona take aure. Wanda ya ɗauke ni ya ƙara kuɗi, wai esans, wato man fetur, ya yi tsada. Da muka bar kwalta muka shiga rairayi na gane ashe rabin tafiyar da ƙafata zan yi ta, ina taya shi turin babur.

Bana damina ta yi kyau. Ciyawa ta kai gwiwa, ta bushe ƙayau, ta haɗe daji da gonaki har gindin rumbuna. Ina tafe ina yabawa, ban ga komai a ciki ba sai albarka.

Gwaggo ta tarbe mu da fura mai nono da dafaffiyar gyaɗa. Mijinta, Malam Isufu, dattijo mai ciwon gwiwa, ya raka mu gaida mai gari. Can muka tarar ana maganar wutar daji. Ma'aikatan gandun daji sun zo kwanaki, sun ce a share fili mai faɗi kewaye da gari don wuta ta rasa abin kamawa, a kuma zaɓi wurin da jama'a za su taru in ta tashi. Wurin taruwa an zaɓa, filin lakwal, wato makarantar boko, tunda yashi ne zalla. Shara kuwa an yi ta ɗagawa, yau cirar gyaɗa, gobe kasuwa.

"A bari sai Juma'a, bayan an sauko daga masallaci kowa yana nan," in ji mai gari. Kowa ya yarda, har mu baƙi muka gyaɗa kai.

Bayan azahar hayaƙi ya taso daga gabas, iska tana kaɗo shi. Ladan ya ɗauki lasifika yana cewa mata da yara su nufi lakwal, maza su fito. Wannan kam ya yi amfani, don ba wadda ta tsaya tambayar ina za a. Aka ɗora tsofaffi a amalanke, aka kora awaki. Na riƙe jikokin Gwaggo biyu har filin. Muna isa ta waiga.

"Malam fa?"

"Ki zauna, Gwaggo, bari in duba."

Na same shi a turke yana fama da igiyar sansa na noma. San ya firgita ya ja, ƙulli ya ɗaure tam, dannin karan da ke gefensu kuwa ya riga ya kama.

"Baba, ku bar shi mu tafi."

"In bar shi ɗaure ya ƙone ina gani?"

Na ciro wuƙar da ke ƙugunsa na yanke igiyar. Muka fito ina tallafe da shi, hannuwansa duk sun sale.

Maza suka yi ta bugun wuta da ɗanyen reshe, wasu suna watsa yashi. An kira ƴan kwana-kwana, amma ga nisa ga rairayi. Kafin su iso iska ta kwanta, wutar ta ci abin da za ta ci. Ba a rasa rai ba, alhamdu lillahi. Rumbunan gabas dai duk sun tafi, har da biyu na Gwaggo. Ƙaurin gero ya cika gari. Gwaggo ta tsaya gaban tokar ta daɗe, sannan ta juya ta tafi nema wa Malam abin shafawa a hannu.

Da safe, muna shirin komawa, maza suka fito da hauya da manjagara suka kama share gefen yamma da wuta ba ta kai ba. Muka tsaya muka sa hannu. Kafin azahar an gama.

Mun shigo Zinder da la'asar, tufafinmu suna warin hayaƙi. Na sha ganin gobara a gari, ban taɓa ganin noman shekara ya zama toka tsakanin azahar da la'asar ba. Abin da na koyo shi ne, shirin da aka gama shi ya ceci mutane, wanda aka ɗaga shi ya cinye abinci. Sharar yini guda ce ba ta ma cika ba, kuma Gwaggo da jikokinta za su shekara suna awo a kasuwa saboda ita.