Ido Huɗu

Son gayu ne aibin Muntaka mai ɗinkin hula, kuma bai taɓa ɓoye shi ba. Don 'yan kasuwar Matameye suna kiransa Ido Huɗu, ya ƙetara iyaka aka yi masa aikin ido da hasken leza, ya rabu da tabarau. Wataƙila likita ya gargaɗe shi, bai saurara ba.

Yanzu idanunsa a bushe suke kamar gonakin Yauri a wannan shekara ta fari da mulkin soja, komai kuma biyu yake gani. Yana zaune, rigarsa a goge, yana ta kuskure kafar allura, masu kawo aiki suna wuce shi. Can ya miƙa wa wata dattijuwa allura da zare.

"Iya, don Allah zura mini. Amma kada ki ce mini sannu."