Lamba huɗu a allon Baba Tunau

Bana kaka ta biyar ke nan da muka kai ƙanena Bashiru makwancinsa a Talata Mafara. Ni mahauci ne, ba marubuci ba. Da yana nan ya ga maganata a jarida, da ya yi dariya har ya riƙe ciki, don ya san ko saƙon waya ƙyuyar rubuta shi nake yi. To amma abin da na gani a filin ƙwallonmu makon jiya ya hana ni sukuni, kuma a gida ba wanda zan faɗa wa ban fama masa ciwo ba. Shi ya sa na kawo muku.

Gidanmu gidan fawa ne tun kakanni. Bashiru kaɗai ya ƙi wuƙa, ya kama gyaran waya a wata 'yar rumfa a bakin kasuwa. Na sha yi masa gori, ina ce masa mu muna feɗe sa, shi yana feɗe waya, a ga wanda zai ƙoshi. Ba ya mayar mini da magana, sai dai ya yi murmushi ya ci gaba da tone-tonensa. Idan an gama girbi, samarin Mafara da na Bakura da na Maradun da ƙauyukan da ke tsakaninsu kan shirya wasan ƙwallo, yau a nan, gobe a can. Shi ya fara haska wasannin kai tsaye ta waya, saboda ɗan baffanmu Lawali da ke fawa a Legas. Lawali kan tara 'yan gida a rumfarsa bayan an tashi aiki, su haɗa kai a kan waya ɗaya suna kallo.

Da farko na ɗauka ƙwallon suke so. Ashe ba haka ba ne. Minti kaɗan da fara wasa sai ka ga saƙo ya shigo: a juya mana bakin fili. A lokacin hanyoyi sun fara lalacewa, ana tare mutane, ana kore shanu, kuma kun san halinmu, duk wanda aka kira a waya lafiya lau zai ce ko da gidansa na ci da wuta. Mutumin da ke Legas ya san ba gaskiya ake faɗa masa ba. Amma idan ya hango tsohonsa zaune a kan dutse a gindin dogon yaro yana cin gyaɗa, ko ya ga ƙanensa yana tsalle don an ci ƙwallo, to ya gani da idonsa. Ranar zai yi barci.

Abin da ke damun Bashiru shi ne sakamakon wasa. Kowa ya shigo kallo sai ya tambaya nawa-nawa ne, shi kuma sai ya tsaya ya rubuta a kusurwar hoton. Yana rubutu wayar na kallon ƙasa, mutanen Legas suna ta ƙorafi an yanke musu fuskokin 'yan uwa. Hannu biyu gare shi, aiki uku. Wata uku ya yi yana bincike a intanet, yana magana shi kaɗai kamar wanda aka yi wa asiri, har ya haɗa wata 'yar manhaja. Ya samo tsohuwar waya mai fasasshen gilashi, ya ɗaure ta a jikin sanda tana fuskantar allon da ake rubuta sakamako a filin. Ba ta da aiki sai kallon allo. Da lamba ta canja, sai ta karanta ta aika wa wayar da ke hannunsa, sakamakon ya canja da kansa a kusurwar hoto, shi ko ya ci gaba da bin fuskoki.

Ba ta tafi daidai tun farko ba. Rubutun alli ba ya fitowa idan rana ta haska allon, don haka ya yanko lambobi daga gwangwanin mai, daga sifiri zuwa tara, ya shafa musu baƙin fenti ya zana farare a kai, ya buga ƙusoshin rataya. Akwai ranar da wani ya zo ya tsaya gaban allon da riga mai lamba tara a baya, nan take na'ura ta shaida wa Legas cewa Bakura ta ci tara. Sai da aka kewaye wurin da igiya.

Amma babbar rigimarsa da mai allon ce. Baba Tunau tsohon mahauci ne, abokin mahaifinmu, kuma shi ke riƙe da allon filin Mafara tun muna yara. Yana da wata ƙa'ida da ba wanda ya taɓa karya masa: idan baƙi suka zo aka lallasa su, ba ya wuce uku a allo. A ci su biyar, a ci su bakwai, allo na nan a kan uku. Alƙalin wasa ya san ƙidayarsa, 'yan kallo sun san tasu, amma abin da baƙo zai waiwaya ya gani idan zai hau babur, uku ne. Kowa a Mafara ya san da haka, ba ma wanda ke lura. Sai ranar da muka ci wani ƙauye na bayan Janbako shida da nema, na'urar Bashiru ta tsaya cak a kan uku, Lawali ya bugo yana cewa kayan sun lalace.

Ina tsaye Bashiru ya je ya durƙusa ya gaida tsohon, sannan ya ce, “Baba, na'urar ga ba ta san kunya ba. Abin da ka rataya shi za ta faɗa ma duniya.”

Baba Tunau ya dube shi sama da ƙasa. “To ta faɗa mana. Mutanen ga sun taho tun daga nesa, sun ci tuwonmu, gobe su za su kawo muna shanu kasuwa. In sun koma gida matansu su tambaye su mi anka yi, shida za su ce? Uku ta ishe su ɗauka.”

Na zaci Bashiru zai ja, don yana da taurin kai a kan aikinsa, kuma yana da hanyar gyara lambar da hannu. Bai gyara ba. A hanyar gida ya ce mini, “Yaya, lamba ta Baba ce, ya rage yadda ya ga dama. Fuskoki nawa ne, su ba ni rage ko ɗaya.” Daga huɗu zuwa tara suka ci gaba da zama a cikin buhu, fentinsu ko ƙwarzane bai yi ba.

Mutanen wancan ƙauyen na bayan Janbako ne suka roƙe shi ya yi musu irin lambobin, su ma a riƙa ganin nasu a Legas. Ya yanka, ya fenta, ya shanya a tsakar gida kwana biyu. Ranar da zai kai musu ya bar kayan haskawa a ɗakina, ya ce ba wasa ranar, kaiwa kawai zai yi ya dawo kafin la'asar. Na ce masa hanyar ba kyau. Ya ce rana tsaka ce. Ban ƙara cewa komai ba, nama na jirana a kasuwa, kuma wannan shirun nawa har yau yana ci mini rai. Manoma ne suka sami gawarsa a gefen hanya. An tafi da babur, an bar gwangwanayen warwatse cikin ƙasa.

Nakan tambayi kaina me zai ce da ya ga yau. Wayoyi sun ƙara kyau, na ji an ce irin abin da ya sha wahalar haɗawa yanzu kowa na iya saukewa ya yi amfani da shi. Sai dai me za a haska? Ƙauyen da ya tafi kai wa lambobi ya watse. Waɗanda suka tsira suna nan cikin Mafara, wasu a kangwaye, wasu a zaurukan dangi. Dillalan da ke kawo mana shanu daga wajen Birnin Tudu, na fi shekara ban ga rabinsu ba. Ni da nake yanka sa ranar kasuwa, yanzu akuya biyu kan kwana a rataye. Kuma duk lokacin da Lawali ya kira, ni ma lafiya lau nake ce masa, da sauƙi, ana ta addu'a. Idan an kashe mutum biyar na ce masa na ji an ce biyu. Ban ga amfanin ɗora wa mutumin da ke nesa abin da ba zai iya komai a kai ba.

Lawalin ne ya matsa mini bana. Ya ji samari sun shirya wasa tsakanin 'yan gari da 'yan gudun hijirar wancan ƙauyen, ya ce don Allah in fito da kayan Bashiru, shekara biyar ba su ga gida ba. Na yi ta kawo uzuri. Wallahi ba kunna wayar nake tsoro ba, Bashiru ya nuna mini, dannawa uku ce. Tsorona a ce in juya bakin fili.

Na je. Na ɗaure tsohuwar wayar a sandarta, na goge mata ido da bakin rigata. Baba Tunau ya zo da sandarsa da buhunsa, ya rataya sifiri biyu. Na duba wayar hannuna, sai ga sifiri biyu sun fito a kusurwar hoto, kamar jiya aka ajiye ta. Ko sallama ban yi wa masu kallo ba.

Na kafe wayar a kan 'yan wasa. Muka ci ɗaya, ta rubuta. Muka ci biyu, ta rubuta. Saƙon Lawali ya shigo sau uku ina yi kamar ban gani ba, har ya kira ta wayar wani da ke kusa da ni aka kara mini a kunne. “Yaya Sani, ba ƙwallo munka zo kallo ba, ka sani. Juya muna.” Maganar Bashiru ta faɗo mini, cewa fuskoki ba a rage su. Na juya a hankali, tun daga gindin dogon yaro har ƙarshen igiya. Wurin da a da sai ka ɗaga waya sama kafin ka ga bayan mutane, yanzu ana hango katangar makaranta tas. Duwatsun da tsofaffi ke zama suna nan, ba kowa a kansu. Lawali ya ce, “Ina sauran?”

Ina cikin haka muka ci ta huɗu. Ban ko waiwayi allo ba, na san yana kan uku. Sai na ga lambar da ke kusurwar hoto ta motsa. Na ɗaga kai, ga Baba Tunau ya zaro huɗu daga buhu ya rataya, fentinta na ƙyalli kusa da tsohon sifirin da ya koɗe. Na matsa kusa na ce, “Baba, huɗu fa ka sa.”

Ya ce, “Na gani. Ina rage musu ne don abin da za su kai gida. Waɗanga wane gida za su kai ta?”

Mutane na ce mini in yi haƙuri, Bashiru ya bar abin tunawa. Na yarda ya bari. Ya bar waya mai fasasshen gilashi da har yau ba ta ƙara ba ta rage, da buhun gwangwani, da maganar da ta tilasta mini juya hannuna ranar da ban so ba. Amma ya haɗa abin nan ne don na nesa su ga nasu su kwantar da hankali, ni kuma da shi na nuna musu babu su. Ban san ko hakan ya so ba, ban kuma ga alamar wata kaka da filin zai sake cika ba. Allah Ya jiƙansa, Ya jiƙan waɗanda ya riƙa haskawa.

Tun ranar Lawali bai sake cewa in kunna ba. Jiya ya kira, muka gaisa doguwar gaisuwa yadda muka saba, ya tambayi gida, ya tambayi kasuwa. Na buɗe baki zan ce lafiya lau, sai ya ce, “Bari, Yaya Sani. Faɗa mini nawa ne.”